Ina Za A Ajiye Fassararren Shiri?

A zangon da ya wuce na sha kunya a ɗakin kwamfuta, kuma laifin nawa ne.

Saboda iyayenmu, bari in yi ɗan bayani. Kwamfuta ba ta jin harshen C da muke rubuta shiri da shi. Sai wata manhaja, watau gcc, ta juya rubutun zuwa harshen inji, sa'an nan ya yi aiki. Ni kuwa na gaji da juyawa kullum, sai na rubuta ɗan umarni: in akwai fassararren shirina a jakar /tmp a kunna shi, in babu a fassara sabo.

Ashe /tmp tsakar gida ce, kowa da ke kan injin yana iya ajiya a ciki, kuma namu injin yakan share ta duk sa'ad da aka sake kunna shi. Wani abokina ya riga ni zuwa da safe, ya ajiye nasa shirin da sunan nawa. Da Malam ya ce in nuna wa aji lissafin maki, allon ya cika da "Wannan yaro bai yi wanka ba." Kai, dariyar ran nan har yau ina jin ta! Malam bai yi dariya ba. Ya ce da mugu ne, da ya shafe mini aikin zango duka, tun da da izinina shirin ya tashi.

Na ce to, in ajiye shi kusa da rubutun mana. Python haka take yi. Tun fitowar 3.2 a 2011 tana tara nata a jakar __pycache__. Amma jakar darasi ta Malam a kulle take, karatu kawai aka yardar mana.

Hanyar masu harshen Go ta fi kwanta mini. Tun 2018 suna ajiya a jakar .cache ta mai aikin kansa, kamar akwatinka na ɗakin kwana. In an share ba asara, a sake fassarawa.

Yanzu can nawa yake, kuma umarnin yana duba ko rubutun ya fi fassarar sabunta kafin ya kunna. Abokin nan kuwa ya biya ni da ƙosai na kwana uku.