Na Ƙarshe a Hawan Tishka

Na tashi a Maraɗi, inda keke ba ya sanin wahala sai ta rairayi. Tun ina firamare nake tuƙi, kuma hawa mafi tsanani da na sani shi ne na dawowa daga bakin Gulbi. Saboda haka, lokacin da na je Maroko aikin bincike na wata uku, aka ce ana shirya tafiyar keke daga Marakesh zuwa Warzazat, kusan kilomita 200 ta cikin duwatsun Atlas, ban yi wata-wata ba na sa sunana. Da aka tambaye ni ko na saba da hawa, na ce na saba. Wannan maganar ce na biya kuɗinta a rana ta biyu.

Mu goma sha huɗu ne, galibi ɗalibai, da wani dattijo, tsohon mai gyaran keke, wanda shi ne shugaban tafiyar. Akwai mota mai ɗauke da kayanmu, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ƙarfe uku ta yi bai kai mashigar Tizi n'Tishka ba, za a ɗora shi a mota, domin kada duhu ya riski jama'a a gangare. Tsayin mashigar, kamar yadda allon bakin hanya ya nuna, mita 2,260 ne.

Bayan asuba muka bar Tuflit cikin sanyi. Da fari ni ne a gaba, ina taka feda da ƙarfi irin na ɗan fili, ina mamakin yadda sauran suke tafiya kamar masu jin barci. Kafin mu isa Taddart, ƙauyen da ake yada zango gabanin babban hawan, cinyoyina sun fara rawa. Muka sha shayin na'ana'a, muka ci burodi da man zaitun. Daga nan hanya ta shiga nannaɗewa a jikin dutse, kwana bisa kwana, kowace ka gama sai ka hango wata a samanka. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni, har yarinyar da na yi wa dariya da safe.

Ciwon ƙafa bai dame ni kamar kunya ba. Ni kaɗai ne ɗan Nijar a ayarin, kuma na ji kamar in aka ɗora ni a mota, da ni da garinmu aka ɗora. Ruwana ya ƙare, numfashi ya ƙi isa, don iska tana raguwa gwargwadon hawa. Na tsaya kusa da wani gida na ƙasa, launinsa ɗaya da dutsen da yake kai. Wata tsohuwa tana zaune a ƙofa. Ba ta jin Faransanci, Larabcina kuma bai kai ko'ina ba. Sai na tuna kalmar da nake ji a bakin maƙwabtanmu Buzaye, na ce: «Aman.» Ta dube ni, ta yi dariya, ta shiga ta kawo ruwa. Kalmar da ake roƙon ruwa da ita a Abzin ita ce dai a Atlas.

Ina cikin sha dattijon ya iso. Ashe tun safe yana bayan kowa. Bai tambaye ni abin da na faɗa a Marakesh ba. Ya duƙa ya duba kekena, ya mayar da sarƙa kan giya mafi sauƙi, ya ce: «Ɗana, kana faɗa da dutse. Juya ƙafa kawai, kada ka danna. In ba ka iya magana kana tuƙi, to ka yi sauri da yawa.» Na ce: «Baba, lokaci fa?» Ya ce lokaci aikinsa ne, nawa juya ƙafa.

Haka muka ci gaba, tayata a bayan tasa, yana ja na da hira don ya auna numfashina. Na tuna kakana, wanda ya yi fatauci, yana cewa jagaba ne ke gaban ayari, madugu kuwa a baya yake, inda gajiyayyu suke.

Mun kai mashigar saura minti goma ƙarfe uku. Sauran suna jira cikin iska mai sanyi, kusa da masu sayar da duwatsu masu ƙyalli, ba wanda ya sauka. Muka yi salla, muka sa riguna masu kauri, muka gangara zuwa Telwat, tsohuwar hanyar ayarin Sahara, ina kama birki ina saki kamar yadda aka koya mini.

Da dare, muna cin tajin, na gaya musu gaskiya: ban taɓa hawa dutse ba sai yau. Dattijon ya ce ya sani tun kwanar farko. Washegari na ɗauki wurina a baya, kusa da shi.