Buck Hill: Ɗan Tudu Mai Yaye Gwanaye

Kudu da birnin Miniyapolis, cikin Jihar Minisota ta Amurka, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai wani ɗan tudu a bakin babbar hanya wanda ake kira Buck Hill. Tsayin gangarensa kimanin ƙafa 310 ne, alhali na dutsen Vail da ke Jihar Kolarado ya haura ƙafa 3,000.

Duk da haka, tun 1954 ake wasan sulu a kan dusar ƙanƙara a wurin. Da hunturu, yara kan zo bayan an tashi makaranta, wasu a kan allo guda, wasu a kan katako biyu. Igiya mai inji ke jan su sama, su gangaro nan da nan, su sake kamawa, har dare cikin hasken fitilu. A Vail kuwa hawa ɗaya kan ci lokaci, ga tsadar tikiti da masauki.

Wannan maimaici shi ne ribar ƙaramin tudu. A nan Lindsey Vonn ta koyi sulun katako biyu kafin gidansu ya koma Vail, kuma a 2010 ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Vancouver. Da rarrafe yaro kan tashi.