Garin Gahawa

Da na dawo daga karatu a Italiya, na zo da ɗan injin haɗa gahawar nan tasu mai ƙarfi, espresso, ina ganin magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Na sayi abin niƙa mai wuƙa saboda araha, shi kuwa sassara ƙwayar kawai yake yi, wani gari, wani tsaki. Ruwan zafi sai ya bi ta tsakin ya wuce cikin daƙiƙa 10 maimakon 25 zuwa 30. Abin da ke sauka a kofi tsami ne zalla.

Inna ce ta gano matsalar, ita da ba ta taɓa kurɓar gahawa ba. Ta murza garin a yatsunta ta ce, "Ɗan nan, wannan ko tuwo ba zai tuƙu da shi ba."

Na shiga neman mai faifai biyu na ƙarfe, masu murƙushe ƙwaya kamar dutsen niƙa, a matse su ko a sassauta. Na lantarki ya kusa kuɗin injin, ga kuɗin makarantar yara na jirana. Na ɗauki na hannu. Kullum bayan asuba ina juya giram 18, Inna na jiyo ƙarar daga ɗakinta tana dariya.