Zamanin da Ba a Tambayar Me Za a Dafa

A gidajen ma'aikata na Kano da Kaduna da Abuja akwai wata tambaya da ke tashi kusan kullum tsakanin la'asar da magariba. Uwargida ta taso daga ofis ko daga asibiti, ta biya Islamiyya ta kwaso yara, tana cikin cunkoson motoci ta kira maigida: "Abban yara, yau me za a dafa?" Shi kuma ya ce, "Duk abin da ya sawwaƙa." Nauyin ya koma kanta ke nan. Saboda wannan tambaya ne mata da yawa suka koma rubuta jadawalin girki na mako, su manna a jikin firji: Litinin taliya, Talata shinkafa da wake, Laraba tuwo, har zuwa Lahadi. Dabara ce mai kyau, kuma ina ganin amfaninta a gidajen 'yan'uwana. Amma duk sanda na ga irin wannan takarda sai in tuna cewa a gidan da na tashi, a shekarun 1970, babu mai yin wannan tambaya, alhali masu cin abinci sun ninka na gidan ɗan boko na yau sau uku ko huɗu.

Ba a tambaya ne don an riga an amsa tun da kaka. Da zarar an girbe gero da dawa an ɗaure dammuna, maigida zai tsaya bakin rumbu yana ƙirga, ya fitar da zakka, ya ware na iri, sannan ya san ko abin da ya rage zai kai gidansa wata kakar ko kuwa sai an haɗa da awon kasuwa. Lissafinsa na shekara ne. Su ma mata nasu lissafin na shekara ne, sai dai ya fi nasa yawan rassa. Lokacin da kuɓewa ta yi araha ake yanka ta a shanya a kan tabarma. Ganyen kuka a tsinko, a busar a inuwa don kada korensa ya dushe, a daka a tankaɗe. Haka kalkashi da yakuwa da zogale. Idan ɗorawa ta nuna a shanye garinta a tara kalwa, wadda za a dafa a rufe ta kwana biyu ko uku ta zama daddawa. Barkono da tattasai a shanya su a kan rufin soro. Ɗakin kowace tsohuwa cike yake da ƙullin tsumma da ƙananan tukwane da ƙorai a rataye a ragaya, kuma ta san abin da ke cikin kowanne ko da cikin duhu ne.

Bayan lissafin shekara sai na mako, wanda ranar kasuwa ke yankewa. Mutumin Wudil ya san Juma'a, na Ɗambatta da na Mai'aduwa sun san Lahadi, na Maigatari ya san Alhamis, na Makarfi ya san Laraba. Ran nan ne maigida ke sayo gishiri da kanwa da manja da busasshen kifi, in da hali ya haɗo da nama. Daren kasuwa miya kan yi daɗi fiye da kullum, yara ma sun san haka. Abin da aka sayo shi za a yi ta tsakura har kasuwa ta zagayo. Cefane aikin namiji ne, babu gardama a kai, kuma mutumin da ya kasa sauke shi ba ya iya ɗaga kai a majalisa.

Sai na kullum. Da hantsi maigida ko babban ɗansa ya hau rumbu ya sauko da dami, ko kuma a auna wa mai girki hatsi da mudu. A galibin gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, girki kwana bibbiyu ne. A babban gida na gandu, inda uba da 'ya'yansa masu aure ke noma gona ɗaya suna cin tukunya ɗaya, girki na zagayawa har kan matan 'ya'ya, ta yadda mace za ta iya yin kwanaki ba ta tuƙa tuwon gida ba. Tambayar da ake ji a tsakar gida ita ce, "Yau girkin wa?" Wadda abin ya faɗo kanta ta san aikinta. Wadda ta fita kuma ta sami sararin kitso da kaɗi da saƙa da sana'arta. Mai jego ba ta kusantar murhu sai ta yi arba'in, ana dama mata kunun kanwa ana gasa mata nama.

Ko mai girkin ma ba ita kaɗai take yi ba. Aikin mai da zangarniyar gero ta zama malmalar tuwo ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Za a sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace da faifai, a wanke, a baza ya sha iska, sannan a ribɗa a turmi ko a niƙa a dutse, a tankaɗe da rariya. 'Yan mata biyu ko uku ne ke zagaye turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafi kafin ta sauko. Wata na wajen rijiya, wani yaro an aike shi sayen man gyaɗa a maƙwabta, tsohuwa na zaune tana gyaran wake tana kallon wuta. Ba abin da ke zubewa a banza: dusa da ƙasari na awaki ne, tsaki na kaji ko na fate, toka ta wanke-wanke. Idan rana ta yi sanyi mai girki ta ɗora sanwa, ta yi talge, ya dahu ta zuba gari ta tuƙa da muciya, ta rufe ya sulala, sannan ta kwashe da mara. Ita ce mai rabo, kuma a nan ake gane mace mai adalci. Akushin maigida daban, wanda za a fitar zaure a yi ciyayya da maƙwabta. Kwanon samari daban, na yara daban, na kowace ɗaki daban. Akwai na tsohuwar da ke bayan gida wadda ba ta da kowa, akwai na almajirin gidan, akwai kuma wanda ake rufewa a ajiye ko baƙo zai sauka cikin dare.

Abincin dare kuwa tuwo ne, jiya da yau da gobe. Miya ce ke sauyawa, ita ma yanayi ne ke sauya ta. Da rani kuka da busasshiyar kuɓewa da kalkashi. Da damina ɗanyar kuɓewa da lalo da tafasa da rama. Da kaka, in kabewa ta zo, a sha taushe da gyaɗa da yakuwa. Shinkafa ta ranar Juma'a ce a gidan masu hali, a sauran gidaje kuwa sai salla ko biki ko suna. Funkaso da alkubus da waina na ranakun alfarma ne. Yaron da ya ce ba ya cin tuwo, sai a ce masa bai ji yunwa ba tukuna, a bar masa kwanonsa a rufe.

Akwai wani abu da masu yabon wancan zamani suke mantawa, kuma shi ne ya fi damuna. Sau da yawa ana gaya wa matan yanzu cewa iyayensu mata sun yi girki sau uku a rana ba su taɓa ƙorafi ba. Ni dai ba haka na gani ba. Babban girki sau ɗaya ne, na dare. Da safe ɗumamen tuwon jiya ake ci, wanda da gangan ake tuƙa shi da yawa don ya kwana, ko kuma a ba yara kwabo su sayo koko da ƙosai. Da rana fura ce, musamman a karkara da ƙasar Maraɗi da Damagaram, ko a sayi ɗanwake ko dambu ko alala daga hannun 'yan talla. Su wa ke dafa waɗannan? Matan unguwa ne, kowace da abin da ta ƙware a kai. Wannan gidan na ƙosai ne, wancan na fura, na gaba na ƙuliƙuli da man gyaɗa, na kusa da masallaci na daddawa. Mace na cikin kulle amma cinikinta na zaga gari a kan 'yarta. Baturiyar nan Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan wannan ciniki na cikin gidaje, ta nuna cewa kasuwa ce sosai duk da ba ta da rumfa. Unguwa gaba ɗaya ce ke ciyar da kanta. Saboda haka matar da ta taso daga aiki yau ta tsaya ta sayi waina ko ta aika a sayo awara, ba ta kauce wa hanyar kakarta ba ko kaɗan.

Ba kuma zan ce zamanin daɗi ne zalla ba. Hayaƙin ɗanyen itace da damina ya lalata idanun mata da ƙirjinsu. Tafin hannunsu ya yi kanta saboda taɓarya. Yarinyar da ke talla ba ta aji. Tsakanin shuka da fitowar sabon gero rumbuna da yawa kan yi ƙasa, a koma kwaɗon rama da tafasa, ana auna gari da tafin hannu. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda garin rogo ya zama abincin gidajen da a da ba sa kallonsa. Cin tuwo kullum ma, ga talaka, rashin zaɓi ne.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Injin niƙa ne ya fara shigowa, ya ɗauke wa mata ribɗi da dutse, kuma ban taɓa jin wadda ta yi kewar su ba. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 suka kawo shinkafar waje da burodi da shayi da risho gidajen ma'aikata. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, ta sa noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, ɗanyen tumatir ya wadata a lokacin da a da sai kauɗa, jar miya ta samu gindin zama. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da takin zamani suka yaɗa masara, har tuwonta ya ture na dawa a gidaje da yawa. Dunƙulen Maggi ya raba tukunya da daddawa, ko da yake bai iya korar ta daga miyar kuka ba. A 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare na bai ɗaya, yaran da ke aike da talla da surfe suka tafi makaranta da safe. Daga baya Indomie ta zo, yaro ɗan shekara goma ya iya dafa wa kansa abinci cikin minti kaɗan, ya kuma koyi cewa yana da zaɓi.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri shi ne watsewar babban gida. Gandu ya rabu, kowa ya ja tukunyarsa. Saurayi ya yi aure ya kama haya ɗaki biyu a wata unguwa, ko aiki ya kai shi wani gari. Ko masu mata biyu ma yanzu sukan raba musu gida. Sai ga mace ɗaya, da hannu biyu, tana riƙe da aikin da a da mata huɗu da 'yan mata da tsohuwa ke rabawa, kuma ba ranar da take fita daga girki. A kan haka ana so ta yi na safe kafin ƙarfe bakwai, ta zuba wa yara na makaranta a kula, ta tafi aiki, ta dawo ta yi na dare, kuma kada na yau ya yi kama da na jiya. Cefanen ma a gidaje da yawa ya dawo kanta: a tura mata kuɗi ta waya, ita za ta shiga kasuwa. Rumbu ya zama buhun shinkafa da katan ɗin taliya da ake saye in albashi ya shigo, tanadin shekara ya koma na wata, tun bayan cire tallafin mai a 2023 kuwa na gidaje da dama ya koma na yini.

Matan sun nemo mafita da kansu. Ranar Asabar a je 'Yankaba ko wata kasuwar kayan gwari a sayo kwandon tumatir da tattasai da attaruhu, a kai markaɗe, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya, a rarraba a robobi a sa a firiza. A tafasa nama a ƙulla kashi-kashi. A surfa wake a busar, a ajiye garin ɗanwake da na kunu. Wannan shi ne shanyar kuɓewar zamaninmu, sai dai rana ba ta taɓa ƙin fitowa, wutar lantarki kuwa takan ɗauke kwana uku miyar mako guda ta lalace. Shi ya sa har yanzu kuka da kauɗa da daddawa da soyayyen naman layya ba su bar kicin ɗin 'yar boko ba.

Abin da ban ga an mayar ba shi ne hannuwa. Gidan da ba kishiya, ba suruka, ba ƙanwar miji, mutanen da suka rage su ne maigida da yara, maza da mata. Na san gidajen da maigida ya karɓi cefanen Asabar gaba ɗaya har da kai markaɗe, da inda samari ke da daren da su ne masu dafa taliya su wanke tukwane, da inda maƙwabta biyu ma'aikata ke haɗa kuɗi su sayi buhu a Dawanau su raba. Cinikin cikin gida ma ya farfaɗo ta wata fuska: mata na dafa miyar taushe da tuwon shinkafa da sinasir a gidajensu, suna tallatawa ta WhatsApp, ɗan acaɓa ko mai Adaidaita ya kai har ƙofar ofis, 'yarsu kuma tana aji.