Aski ya zo gaban goshi

Jiya da misalin ƙarfe biyu na dare na kama kaina ina canza launin wani maɓalli a karo na shida. Daga ruwan ƙasa zuwa ja, daga ja na koma ruwan ƙasa. Wuta ta daɗe da tafiya, laftof na nuna saura kashi 11, sauron Ibadan kuma yana ta aikinsa a ƙafata. Sai na tambayi kaina: wai don Allah aiki nake yi, ko gudun aiki?

Waɗanda muke haɗuwa a masallacin makaranta sun san labarin, amma bari in faɗa wa saura. Shekara biyu ke nan ina haɗa wasan dara na waya, ni kaɗai, a gefen karatun digirina na biyu. Darar da kuka sani dai, ta gindin bishiya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, a fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Abin da ya tsokano ni shi ne abokan karatuna Yarbawa suna buga ayo a waya hankali kwance, ni kuwa na yi ta neman dara mai magana da Hausa ban samu wadda ta kwanta min ba. Na ce to bari in gwada. Da Godot na yi, saboda kyauta ce, ba wanda zai bi ni kuɗin lasisi. Lokacin da Unity suka sanar da sabon tsarin cajinsu a Satumban 2023 masu haɗa wasanni suka yi ta hayaniya, ni dai kallo na yi.

Farkon abu daɗi gare shi. Ranar da ɗan dara ya fara motsi a allo sai da na tashi na zagaya ɗaki. Kowane mako akwai sabon abin nuna wa mutane. Yanzu kuwa wasa ya kammala kusan gaba ɗaya, abin da ya rage irin aikin da ba mai gani ne: rubuta bayanin sirrin masu amfani, cike tambayoyin shekarun da suka dace, yanka hotunan talla daidai girman da ake so, gyara rubutun da ke fita daga layi a ƙaramar waya. Ka yini a kai, abokin ɗakinka ya leƙo ya ce, “Ai haka yake jiya.” Kuma gaskiyarsa.

Sai batun masu gwaji. Na biya dala 25 na buɗe asusun masu ɗora manhaja a Google Play, da katin wani abokina. Ƙa'idarsu ga sabon asusu na mutum ɗaya ita ce sai ka samu masu gwaji su zauna a cikin gwajin kwana 14 a jere kafin ka nemi izinin fitarwa ga kowa. Da 20 ne, daga baya aka rage zuwa 12. Na ce ai wannan sauƙi, ni da nake cikin rukunin WhatsApp na ɗaliban Arewa har uku. Na tara 12 cif, ban ajiye ko ɗaya na ko-ta-kwana ba. A kwana na takwas wani bawan Allah ya danna fita, wai yana rage kaya a wayarsa. Wanda ya maye gurbinsa dole ya fara nasa lissafin daga ɗaya. Ban yi fushi da shi ba, taimako ya yi min, wautar tawa ce. Amma ranar ko tuwon Sabo ban iya zuwa ci ba.

A wannan makon ne shaiɗanin ƙari ya zo min. Zuciya ta fara raya min cewa wasan nan bai isa fita ba sai an iya buga shi da wani ta intanet. Sai an sa gasa. Sai an sa kiɗan gurmi. Na zauna na lissafa, wasa ta intanet kaɗai na buƙatar uwar garke da zan riƙa biya duk wata, da aƙalla wata uku na aiki, ni da malamin da ke duba aikina yake jiran babi na huɗu. Da na dubi abin da idon basira sai na gane tsoro nake ji. Muddin wasan na cikin laftof ɗina, babu wanda zai ba shi tauraro ɗaya. Babu wanda zai rubuta cewa shirme ne. Kuma babu ranar da zan buɗe shafi in ga mutum bakwai ne kacal suka sauke, huɗu daga ciki 'yan gidanmu. Wannan ta ƙarshen ta fi ba ni tsoro.

Mutane na yawan turo min labarin Eric Barone, wanda ya yi Stardew Valley shi kaɗai cikin shekara huɗu da wani abu, ya fitar a 2016 duniya ta ɗauka. Na gode, amma labarin ba ya ƙara min ƙarfi. Ƙara min nauyi yake. Ni ba Stardew nake yi ba, dara nake yi, kuma masu saukewa da yawa za su fara duba ko za ta cinye musu data.

Abin da ya dawo da ni hanya a Sabo ya faru. Na je aski ranar Asabar, na tarar da wani dattijo ɗan Zamfara da ke zama kusa da masu canji. Hira ta kawo dara, na miƙa masa waya. Ya juya ta, ya ce, “Yaro, ina ramukan?” Na nuna masa. Wasa na farko kwamfuta ta cinye shi saboda yatsansa na zamewa. Na biyu ya gyara zama. Can sai ya ɗago ya ce, “Wannan abin naka maguɗi yake yi. Ya jera huɗu ya ci min ɗa. A ina aka taɓa ci da huɗu?” Wallahi sai da gumi ya keto min. Shekara biyu, masu gwaji goma sha biyu duk 'yan jami'a, ba wanda ya lura. Lissafina yana duba ko uku sun jeru ne kawai, bai duba ko akwai na huɗu a gefe ba. Layi biyar na rubutu ya gyara shi.

Ya kuma yi ƙorafin cewa kwamfutar na daɗewa tana tunani. Nan ma da gaskiyarsa. Yadda take wasa shi ne ta hango motsinta, da amsar da za ka ba ta, da tata amsar, haka har zurfi. Duk taki ɗaya da aka ƙara, hanyoyin da za ta duba na ninkuwa sau da yawa. A laftof ba a ji, amma a ƙaramar waya sai ta yi tsaye kamar ta mutu. Na sa ta riƙa watsar da duk hanyar da ta riga ta ga ba za ta fi wadda ke hannu ba, na kuma rage zurfin a matakin masu koyo. Da na koma bayan kwana uku ya buga sau biyar, ya ci uku, ya ce, “To yanzu ta fara hankali.” Sannan ya ƙi ba ni wayata sai da aka kira la'asar.

Tun daga ranar na canza tsari. Na sami wani tsohon littafin rubutu na sa masa suna “bayan fitowa”. Duk sabon tunanin da ya zo, ciki har da gurmin, can nake jefa shi in rufe. Wasa na da awa ɗaya bayan sallar asuba, sauran yini na babi na huɗu ne. Ba kullum nake cikawa ba, daren jiya shaida ne. Amma maɓallin nan na bar shi ruwan ƙasa, na rantse ba zan sake taɓa shi ba.

Baba har yanzu bai san takamaiman abin da nake yi ba. Da na taɓa gaya masa a waya ya ce, “Wasa na tura ka yi ƙasar Yarbawa?” Na yi dariya na kawar da zancen. Shi ne fa ya koya min dara, da tsinke da duwatsu a ƙofar gida, kuma ban taɓa cinye shi ba. In na je hutu zan miƙa masa wayar ba tare da na ce komai ba, in ga ko shi ma zai kama wani maguɗin.

Yau kwana na tara a sabon lissafi, masu gwaji 15. Ina neman ƙarin biyar saboda tsaro. Wanda ke da Android ya turo min adireshin Gmail ɗinsa ta akwatin saƙo, ba a ƙarƙashin rubutun nan ba. Sharaɗi ɗaya ne: don girman Allah, ko waya ta cika, a goge hotunan biki, kada a danna fita.