Kamin ku sayi teburin tausa, ku tambayi kine

Hawan jini ya kayar da wani dattijo abokin aikinmu na gidan radiyo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga likita, aka ce kine, wato mai tausa da motsa gaɓoɓi, zai riƙa zuwa gida. Bisa tabarma kuwa kwantarwa wahala, tayarwa wahala.

Muka yi karo-karo, muka sayo teburin tausa mai naɗewa, irin na wuraren gyaran jiki. Kyau kam wallahi ba a magana. Kine na ganinsa ya girgiza kai. Faɗinsa santimita 60 ne. Lafiyayye ma da dabara yake juyawa a kai, balle wanda hannu da ƙafa ba su amsa masa. Ga tudu: ko an sauke shi ƙarshe, sai an ɗaga tsoho cak kamar buhun hatsi. Ranar gwaji mun ga kunya a idonsa, jikinmu ya yi sanyi.

Ashe mai shanyewar jiki tebur mai faɗin mita 1 yake so, tudunsa wajen santimita 50, daidai da keken marasa lafiya, yadda in ya zauna ƙafafunsa za su taɓa ƙasa. Soso mai tauri, rufi mai goguwa, ƙafafun da ba su rawa. Kafintan unguwa ne ya haɗa mana, kine na tsaye da awo.

Kamin ku fidda ko jika guda, ku tambayi mai aikin. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.