Yaro da Dilan Baturiya

Gabas da birnin Haɗeja, cikin ƙasar Kirikasamma, akwai wani gari ana ce da shi Baturiya. Kogin Haɗeja ya bi ta wannan yanki a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. Da damina yakan cika ya malale fadamu. In ruwa ya janye, sai manoma su bi sawunsa da shuka, Fulani kuma su gangaro da shanu. An keɓe wani babban daji a nan saboda tsuntsaye da namun daji, har a shekarar 2008 aka sa shi cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye.

A wani ƙauye kusa da dajin nan akwai wani yaro ɗan aji huɗu, wanda kakarsa ta ba shi ɗan akuya. Ran nan da dare dila ya shigo ya ɗauke shi. Da gari ya waye, yaro bai tarar da kome ba sai igiya da sawu. Ya yi kuka har ya gaji, ya ce duk ranar da ya yi ido biyu da dila, sai ya rama.

Ana nan, sai malaminsu ya ce gobe za su tafi ganin wani dila da ma'aikacin daji ya ciro daga tarko, yana jiyyarsa. Yaro bai ce uffan ba. Da safe ya zaɓi dutse mai kaifi, ya sa a aljihu.

Da suka isa, ma'aikacin ya ce, “Yara, ku zauna, kada kowa ya miƙa hannu. Wannan ba karen gida ba ne.”

Yaro ya kutsa gaba. A zatonsa zai ga wani ƙaton abu mai jajayen idanu. Ashe ko karen maharbin garinsu bai kai ba! Ga shi siriri, launinsa kamar busasshiyar ciyawa, bayansa da duhu-duhu, wutsiyarsa buzu-buzu mai baƙin kai. Ya maƙure a kusurwar keji yana rawar jiki, an ɗaure masa ƙafar gaba da tsumma. Wannan ne fa Malam Dila na cikin tatsuniya, wanda ya fi kowa wayo!

Yaro ya tashi ya ce, “Baba, don me kake ba ɓarawo magani? Ɗan akuyata ya cinye.”

Ma'aikacin ya ce, “Gaskiyarka, ɗana, dila yana kama 'yan awaki, ba zan ɓoye maka ba. Amma yawancin abincinsa ɓeraye ne, da gafiya, da fara, da ƙadangaru, da mushe. Har 'ya'yan itace yana ci. Wa kake tsammani ke rage muku ɓerayen da ke ɓarnar shinkafa?”

Ya ƙara gaya musu cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ba ta zuwa kamar da. Mutane sun yi yawa, gonaki sun ci daji, don haka dila yake matsowa kusa da gida.

Sa'an nan malam ya ba su wani labari mai ban mamaki. Da can masana sun ɗauka irin wannan dila ɗaya ne da dilan ƙasashen Asiya. A shekarar 2015 suka binciki ƙwayoyin halittarsa, sai suka ga ya fi kusa da kyarkecin Turai, wanda ke yawo cikin ƙanƙara. Suka sāke masa suna, suka ce kyarkecin Afirka ne. Namiji da tamata sukan zauna tare, su yi renon 'ya'yansu tare cikin rami.

Yaro ya ce, “Malam, ke nan wannan ma yana da 'ya'ya?”

Malam ya ce, “Watakila suna can suna jiransa.”

A daidai nan dila ya ɗaga kai. Yaro ya dube shi, shi ma ya dubi yaro. Hannun yaro na cikin aljihu, har dutsen ya yi ɗumi, amma bai fito da shi ba. Ba wai ya manta da ɗan akuyarsa ba ne. Har suka kama hanyar gida ransa a ɓace yake. Da suka zo wani tafki, ya wurga dutsen a ruwa, kirinjijiya suka tashi fir.

Bayan mako uku ƙafar dila ta warke, aka kai shi cikin daji aka sake shi. Shi kuwa yaro, shi da wansa suka saro ƙayar bagaruwa suka kewaye turken awaki. In ya ji kukan dila da dare, sai ya ɗauki fitila, ya je ya ƙidaya awakin kakarsa, ya dawo ya kwanta.